Na Kulle Wayar Ya Fanna a Gashuwa

Mun tashi daga Kano da asuba, gari bai ko fara haske ba, ni da abokiyar karatuna, 'yar asalin Gashuwa, wadda ta yarda ta raka ni ta yi min tafinta duk inda Hausata ta ƙare. Ku da kuka ishe ni da "ina hotunan tafiya?", ku yi haƙuri. Hotunan suna nan, amma ba su ne labarin ba. Na je Yobe ne in kalli yadda mutane ke amfani da waya, sai na ɓuge da shiga tsakanin wasu mata biyu da suka yi shekara da shekaru suna ci a kwano ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, na daɗe ina rubuta manhaja a wani kamfani a Legas, a ɓangaren tsaro, wato mu ne masu hana ɓarayi shiga asusun mutane. Bara na ajiye aikin na koma jami'a neman digiri na uku, a fannin da ke nazarin yadda ɗan Adam ke mu'amala da kwamfuta da waya. Na gaji ne da ƙera wa mutanen da ban taɓa gani ba kaya. A ofis sunansu ɗaya, "mai amfani", ba fuska ba gari. Hajiyarmu har yau ba ta huce ba. In ƙawayenta suka tambaye ta ina nake, sai ta ce, "Ta bar albashi ta koma rataya jakar makaranta." Wannan ce fitata ta farko ta bincike, kuma malamin da ke duba aikina ya ja min kunne sosai kafin mu taso. Ya ce aikina kallo ne da tambaya da sauraro, ban da gyara. "Ke yanzu ba injiniya ba ce," in ji shi. Na ce to, Malam, a raina ina cewa wannan ai shi ne mafi sauƙi a cikin karatun.

Da direba ya faɗi kuɗin mota a tasha, sai na tambaye shi ko har da na dawowa ne. Bai yi dariya ba, ni ma da na biya ban yi ba. Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai hagu da dama, hanya kuwa ruwa ya ci gefenta a wurare da yawa, direba na ta kauce wa ramuka muna haɗa kafaɗa da mutanen da ba mu sani ba. A Haɗeja muka karya da soyayyen kifi da yaji mai sa hawaye. Daga nan ƙasa ta buɗe, ruwa ya kwanta a fadama iya ganinka, ga ciyawar kachala ta cinye bakin ruwan, ga fararen tsuntsaye tsaye da ƙafa ɗaya. Shingayen jami'an tsaro kuwa na daina lissafi.

Nguru ta burge ni. Nan layin dogo ya ƙare, kuma na je na ga ƙarshen nasa da idona, awaki kwance a kan ƙarfen suna tuƙa abinsu hankali kwance. A kasuwa kana jin Hausa, amma kowa da irin tasa, ta Babarbare daban, ta Bafulatani daban, a tsakani a jefo "wushe, wushe" ana gaisawa. Na ci burabisko da miyar yakuwa da kifi har na ji kunyar mai abincin.

A rumfar masu cirar kuɗi na fara shan mamaki. Na roƙi izini na zauna a benci ina kallo. Wani dattijo ya sauko daga akori-kurar da ta taso daga garin Kumagannam, ya miƙa katinsa na banki, sannan ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, a gaban jama'a. Mai rumfa bai ji ba saboda ƙarar babura, ya ce, "Maimaita, Baba." Baba ya maimaita. Sai wani mai sayar da igiya da ke gefe ya ce, "A'a Baba, ƙarshen ba haka ba ne," ya gyara masa. Kuma nasa ne daidai! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sai da na dafe bencin. Na yi shekaru ina hana barci idona don kada a san wannan lambar, ga ta nan ana gyara wa mai ita a tsakiyar kasuwa. Abokiyata ta dube ni ta ce, "Ki rufe bakinki, ƙuda zai shiga."

Haka na wuni. Waya ɗaya ta gida guda ce, miji ya fita da ita da safe, mata ta karɓa da yamma. Wata ba ta san karatu ba, ta gane mutanenta ne da hotunan da aka liƙa wa sunayensu. Kusan duk wayar da aka nuna min a buɗe take, ba makulli. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma na daure, ban taɓa ta kowa ba. Har na fara yabon kaina.

Daga Nguru muka hau ƙaramar mota zuwa Gashuwa ta Jajimaji, inda aka cusa mana buhun riɗi a ƙarƙashin ƙafa, muka ƙarasa gwiwoyinmu a ƙirji. Tun kafin ka shiga Gashuwa ƙamshin banda ke tarbarka. Kogi ya cika ya batse, daga kan gada kana hango masunta a kwale-kwale da gonakin shinkafa kore shar. Kifi a nan ya fi na Kano araha nesa ba kusa ba, amma ruwan leda da kuɗin babur ba su san da wannan zancen ba. A gidan su abokiyata muka sauka, mahaifiyarta ta ɗauke ni kamar ita ta haife ni, kullum faɗanta ɗaya, wai ba na cin abinci.

Ranar Lahadi aka kai ni wurin Ya Fanna. "Ya" ɗin girmamawa ce, haka ake kiran babbar mace a can. Dattijuwa ce mai sayar da bandar kifi a layin da ke kusa da bakin kogi, doguwa, baƙin lalle har wuyan hannu, ga dariya a kusa. Tana aika kwalayen tarwaɗa har kudu. Ɗanta da ke aiki a Jakusko ne ya saya mata babbar waya. Na same ta tana tsaron wuri biyu, rumfarta da wani shagon kayan masarufi da ke manne da ita. Ta ce na maƙwabciyarta ne, Maman Rifkatu, ta tafi coci, duk Lahadi ita ke duba mata shi har ta dawo.

Wayar na ajiye a kan kwalin kifi, mutane na wucewa ta gabanta. Na tambaye ta wa ke taɓa wayar ban da ita. Ta ce Maman Rifkatu. A shagonta ake cajin ta da sola, ita ke karanta mata saƙonni, ita ke amsa wa masu sayen kifi na kudu da Turanci, ita ke duba alat ɗin kuɗi in ya shigo. Na ce, ta san lambar sirrinki ta banki? Ya Fanna ta yi dariya ta ce, "Ai ita ta zaɓa min, 'yata. Ni ina zan riƙe?"

A nan ne injiniyar da aka ce in baro a Kano ta miƙe tsaye. Ban ga maƙwabciya ba, ban ga shagon da ake tsare mata ba. Abin da na gani kawai shi ne tsohuwa, ga dukiyarta, ga sirrinta a hannun wadda ba dangin iya ba na baba. Abokiyata ta tafi sayo mana ruwa, ba mai taka min birki. Na ce, "Ya Fanna, kawo in kulle miki ita saboda ɓarayi. Wannan lambar ko 'yar cikinki bai kamata ta sani ba." Ta miƙo min, irin miƙowar da ake yi wa baƙo don kada ya ji kunya. Na sa mata makullin yatsa. Wayar ta yi ta ƙin karɓa saboda lalle da maiƙon kifi, tana goge babban yatsan a zani tana dariya, tana cewa wannan waya akwai iyayi. Da ƙyar ta kama. Na ƙara da lambar ko-ta-kwana, na ce kada ta faɗa wa kowa. Ta sa min albarka, ta cika min leda da kifi. Na koma masauki ina jin na yi aikin lada, ban ko ga abin ba wa abokiyata labari ba.

Washegari da hantsi muka dawo don mu ƙarasa hirar. Layin ya cika, ana ɗaure kwalaye. A ƙofar shagon na ga wata mata gajera, kakkaura, da tabarau rataye a wuya, riƙe da wayar Ya Fanna tana shafa fuskarta tana ƙara shafawa. Ita ce Maman Rifkatu, mutuniyar Filato, wadda ta biyo mijinta malamin makaranta zuwa Gashuwa tun tana amarya. Hausarta ta fi tawa daɗi. Ta ɗaga murya ta ce, "Ya Fanna, wayar nan ta lalace ne? Saƙon mutumin Anaca ya shigo, ta ƙi buɗuwa."

Ya Fanna na ƙirga wa wani kifi, ko juyowa ba ta yi ba. Da zuciya ɗaya ta ce, "Au, yarinyar jami'a ce ta kulle jiya, wai saboda ɓarayi. Sai da yatsana take buɗuwa. Ta ce ko 'yar cikina kada ta san lambar."

Wani mai ɗaure kwali ya yi dariya ya ce, "To fa! Madam, ashe an fara rufe miki ƙofa." Wasa yake yi, amma ba wanda ya taya shi. Na ga fuskar Maman Rifkatu ta sauya a gaban idona. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min. Ta taka a hankali ta ajiye wayar a kan kwalin Ya Fanna da hannu biyu. Ta koma shago, ta ciro cajar daga soket, ta naɗe igiyar tsaf, ta kawo ta ɗora a kan wayar. Sannan ta shige ta ja labule.

Abokiyata ta juyo ta ce, "Me kika yi?" da wata murya da ban san tana da ita ba. Sai a lokacin Ya Fanna ta gane abin da bakinta ya faɗa. Ta saki kifin hannunta, ta dafe ƙirji, ta shiga magana da Barbarci da sauri, hawaye na zuba. Na ce a fassara min, abokiyata ta ce ba yanzu ba. Da ta ɗan lafa ta dube ni ta ce, "'Yata, ni na ɗauka gyara ne irin na masu waya." Ko zagi ba ta yi min ba.

Na karɓi wayar, na cire makullin cikin ƙiftawar ido. A kamfani haka muke yi. In muka saki sabon abu ya ɓata wa mutane aiki, akwai inda muke dannawa komai ya koma yadda yake jiya, a sha shayi a manta. Na tsaya riƙe da waya a buɗe, ina jiran komai ya koma yadda yake jiya. Labulen shagon bai motsa ba.

Na yi sallama na shiga. Tana jera gwangwanayen tumatir da suke a jere tun farko. Na durƙusa na ce, "Mama, laifina ne. Ni na ce ta kawo, ni na faɗi maganar ɓarayi, ban san ki ba. Don Allah ki yafe mata, ni ki kama." Ta ci gaba da jera gwangwanayenta. Can ta ce, "Tashi, Malama, ƙasan da datti. Ke baƙuwa ce, jiya kika zo, gobe ki tafi. Ba ki san ni ba, in kin ji tsorona ban ga laifinki ba." Ta gyara wani gwangwani. "Shekarun da gari ba lafiya, mutanenmu na ta hawa mota suna komawa gida, ni ban tafi ba. Matar nan ce ta ce duk abin da zai same ni sai ya fara ta kanta. Yau an ce mata ɓarayi, an ce ta sa yatsa, ta sa. Ba ta ce a jira in dawo daga coci ba."

Na buɗe baki in ce kunyar baƙo ce ta sa ta, in ce wayar ce aka ƙera ta haka, mutum ɗaya yatsa ɗaya. Duk gaskiya ne, amma na ji ba abin da za su yi mata. Na fito.

Da la'asar na kira malamina na faɗa masa komai, ina jiran ya ce in tattaro kayana. Sai ya ce zan rubuta abin da ya faru ba ragi, zan kuma tsaya gaban kwamitin da ya ba ni izinin fita in yi bayani, hirar Ya Fanna kuwa ba za ta shiga aikina ba. Na ce na yarda. Ya ce, "Wannan duk mai sauƙi ne. Su matan fa?"

Mun ƙara kwanaki a Gashuwa fiye da yadda muka tsara. Na yi sauran hirarrakina hannuwana a kan cinya, amma kullum sai na bi ta layin kifi. Mahaifiyar abokiyata ta je ta ba da baki, wasu dattawan layin ma sun sa baki. Maman Rifkatu na amsa gaisuwa, ba ta wuce nan. Wayar kuwa ta mutu, don Ya Fanna ta rantse ba za ta kai ta caji ko'ina ba. Masu caji sun cika kasuwar, na ce zan kai mata, ta ce a'a. "In na kai ta wani wuri, na tabbatar da maganar ke nan," in ji ta. Mutanen kudu suna nema ba sa samu, kwalayen da aka ɗaure suna jibge a rumfa, ita kuma tana zaune kusa da matacciyar waya da naɗaɗɗiyar caja, tana kallon labule. A haka na yi mata sallama. Ta sake cika min leda da kifi, na rasa inda zan sa kaina.

A hanyar dawowa ban ga ruwa ba, ban ga tsuntsaye ba. Abokiyata ba ta yi min magana ba sai da muka wuce Haɗeja, shi ma cewa ta yi in matsa ƙafata. Muka shigo Kano da yamma, Hajiya ta tarbe ni da "An samo abin da aka je nema?" Na ce an samo, na wuce ɗaki.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba daɗi gare shi ba. Ban canza ra'ayi a kan ɓarayi ba, suna nan, kuma har gobe tsoron abin da zai iya samun dattijon Kumagannam nake ji. Amma duk shekarun da na yi ina ƙera makulli, ban taɓa tambayar wa zai tsaya a waje in an kulle ba. Mun ƙera waya a kan cewa mai ita mutum ɗaya ne, duk wani hannu da ya taɓa ta abin zargi ne. Wayar Ya Fanna ta mutum biyu ce, kuma ba inda za ka danna ka gaya mata haka. A kan wannan zan yi bincikena yanzu, in kwamiti ya bar ni. Na ɗauka barin kamfani shi ne ajiye katin shiga ofis, ashe hannuna bai ajiye aikin ba.

Shekaranjiya abokiyata ta kira gida, na ce ta tambayo min labarin su Ya Fanna. Mahaifiyarta ta ce alhamdulillahi, an shirya. Ya Fanna ce ta ɗauki waya da caja da kwanon abinci ta shiga shagon, ta zauna a ƙasa ta ce ba za ta tashi ba. Yanzu ana caji, ana karanta saƙo, kifi ya tafi kudu. Na fara hamdala, sai abokiyata ta ce in bari ta ƙarasa. Wai Maman Rifkatu ba ta ƙara ɗaukar wayar da kanta ba, sai an miƙa mata. Ko da wayar na ƙara a gefenta, Ya Fanna na salla, haka za ta zauna hannuwanta a kan cinya tana kallon ta har kiran ya katse. In Ya Fanna ta sallame, sai ta ce mata, "An kira ki."